Yadda Za Ka Ɗauki Masu Share Fili da Kwashe Tarkace a Birni Irin Kano

Akwai sharar da tsintsiya da kwando suke iya gamawa da ita kafin a ɗora sanwa, akwai kuma wadda ta fi ƙarfin mutanen gida. Kangon da aka daɗe ba a shiga ba har ciyawa ta kai ƙugu, da ɓaraguzan da magina suka bari bayan sun rushe tsohuwar katanga, da ɗakin ajiyar da aka cusa wa karyayyun kujeru da mataccen firji da tsofaffin tayoyi, da kwatar ƙofar gida wadda yashi da leda suka toshe, duk aiki ne na majiya ƙarfi masu kayan aiki, waɗanda za a kira a biya su. A birni irin Kano samun masu yin wannan aiki ba shi da wuya, domin kusan kowace unguwa tana da inda leburori suke zama da sassafe da shebur da diga suna jiran wanda zai ɗauke su. Wahalar tana wajen shirya cinikin, ta yadda sharar za ta bar gidanka ta isa inda hukuma ta yarda a zuba ta, ba ta tsaya a bayan katangar maƙwabcinka ko a cikin magudanar ruwan da ke ƙarshen layinku ba.

Rarrabawa kafin a kira kowa

Yawancin masu gida suna kiran ma'aikata ne tun kafin su san abin da ke cikin tarkacen nasu, sai a wayi gari sun biya kuɗi an kwashe musu abin da shi kansa kuɗi ne. Saboda haka aikin farko naka ne, kai da iyalinka. Ku shiga wurin da rana tsaka, lokacin da haske ya wadata, ku ware kayan kashi-kashi.

Kashi na farko shi ne abin da ake saye. Tsohon kwanon rufi, da guntayen rodi, da gadon ƙarfe, da tukwanen alminiyam da suka huje, da wayar wuta mai jan ƙarfe a ciki, da mataccen janareta, da batirin mota ko na sola, har da robobi da jarkoki, duk suna da masu saye. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola suna auna su da sikeli su biya a kan kilo, kuma farashin ba ɗaya ba ne: jan ƙarfe ya fi alminiyam daraja, alminiyam kuma ya fi baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. Wanda ya bari aka haɗa su duka a buhu ɗaya aka auna, da farashin mafi arha za a biya shi. Idan kana da maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, zai taimaka maka, domin yana kama baƙin ƙarfe amma ba ya kama alminiyam da jan ƙarfe. Firji da injin sanyaya ɗaki da fanka da injin jan ruwa suna ɗauke da jan ƙarfe a cikin injinansu, don haka ya fi kyau ka fara nuna su ga mai gyara kafin ka sayar da su a matsayin gwangwan, saboda wani lokaci shi zai saye su da daraja don ya ciri kayan gyara. Idan ƙarfen yana da yawa, kamar kwanon gida guda da aka sauya wa rufi, ya cancanci a tambayi farashi a wajen dillalan kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, maimakon a sallama wa mai kurar da ya fara wucewa.

Kashi na biyu shi ne abin da ba a saye da tsada amma wani yana buƙatarsa. Ɓaraguzan bulo da jar ƙasa ciko ne ga mai sabon gini ko ga layin da ruwa ya zaizaye, kuma sau da yawa za a kwashe maka su kyauta idan ka sanar da magina ko mai unguwa. Kashin awaki da na kaji da toka da ruɓaɓɓen ganye taki ne, manoman karkarar Kano kuwa sun daɗe suna shigowa birni suna ɗibar irin wannan taki zuwa gonakinsu, musamman da rani kafin saukar ruwa. Sharaɗinsu shi ne kada a gauraya shi da leda da kwalba. Rassan darbejiya da aka sare kuma itace ne ga masu tuya da masu dafa abincin sayarwa.

Kashi na uku ne ya fi buƙatar natsuwa, wato abin da bai kamata hannun baƙo ya taɓa ba. Takardun fili, da shaidar haihuwa, da takardun makaranta, da tsofaffin hotuna sukan ɓuya a cikin akwatunan da ake ɗauka shara ce zalla, don haka kada a fitar da akwati ko jaka ko durowa sai an buɗe an duba. Haka nan yagaggun shafukan Alƙur'ani da littattafan addini da tsofaffin alluna ba sa shiga bola ko kusa. A ware su a wuri mai tsarki, a nemi malamin unguwa ya faɗi yadda za a yi da su, ko binnewa ko ƙonawa a keɓe. Idan kuma gidan na mamaci ne wanda ba a raba gadonsa ba, to ko tsohon keken da ya yi tsatsa dukiyar magada ne, kuma sayar da shi ko bayar da shi ba da yardarsu ba yana iya zama mafarin rigimar da ta fi ƙarfin kuɗin keken. A sanar da su, a sami wakili ya tsaya, a rubuta abin da aka sayar.

Abin da ya rage bayan wannan rarrabawa shi ne ainihin sharar da za ka biya a kwashe, kuma za ka tarar ta ragu ƙwarai, wani lokaci har kuɗin gwangwan ya biya wani ɓangare na ladan aikin.

Wa ya dace da wane aiki

Masu wannan sana'a hawa-hawa ne. Akwai mai baro ko mai kura wanda ke zagaya unguwa yana karɓar sharar yau da kullum, shi ya dace da buhu biyar ko goma na ganye da ƙananan tarkace. Akwai leburorin jinga masu adda da lauje da manjagara da shebur, su ne na sassabe da nome ciyawa da yasar kwata da tara shara wuri guda, amma galibinsu ba su da abin hawa. Akwai masu a-kori-kura da masu babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, waɗanda suke iya shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, abin da ke da muhimmanci a cikin tsohon birni. Sai kuma masu tifa, na ɓaraguzai da ƙasa da shara mai yawa. A samansu duka akwai kamfanonin kwashe shara masu rajista, waɗanda suke zuwa da ma'aikatansu da motarsu su ba ka rasit.

A Kano, Hukumar Kwashe Shara da Tsaftar Muhalli, wadda aka fi sani da REMASAB, ita ce ke kula da wuraren zubar da shara, kuma ofishinta ne wurin da ya dace ka tambayi inda aka amince a zuba shara a yankinku da kuma kamfanonin da ta sani. A Abuja hukumar kare muhalli ta AEPB ce ke da wannan alhaki, a Kaduna kuma KEPA. Mazauna Abuja su lura cewa a farkon shekarar 2025 mahukuntan birnin sun hana masu yawon jari-bola zagayawa cikin unguwanni saboda yawaitar satar murafen magudanan ruwa da wayoyin wuta, don haka a can ya fi aminci a bi ta hannun kamfanin da aka ba yankin.

Ta kowace hanya ka bi, ka ɗauki wanda wani ya sani. Ka tambayi maƙwabcin da aka yi wa irin aikin, ko maginin da ka saba da shi, ko mai unguwa. Idan a bakin titi ka ɗauko leburori, ka nemi shugabansu ka yi magana da shi, ka karɓi lambar wayarsa, domin kusan kowace matattarar leburori da kowace tashar tifa tana da wanda ake kai wa ƙara idan an sami saɓani. Mutanen da za su wuni a cikin gidanka za su ga ƙofofinka da inda kake ajiye janareta da tsayin katangarka, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka buɗe wa wanda ba a san inda yake kwana ba. Ba ina nufin a riƙa zargin talaka mai neman halalinsa ba ne. Mafi yawansu mutanen kirki ne, kuma su ma sun fi sakin jiki idan akwai wanda ya haɗa ku, domin sun san kuɗinsu ba zai maƙale ba.

Akwai wata al'ada da ya kamata a faɗi gaskiya a kanta, wato ba almajirai ƙanana shara su kai bola a ba su ɗan canji ko ragowar abinci. Yaro ba zai iya ɗaukar kaya mai nauyi zuwa juji mai nisa ba, saboda haka a kwata mafi kusa zai juye, kuma shi ne zai taka fasasshiyar kwalba da ƙafa ba takalmi. Aikin tarkace na manya ne.

Ciniki

Kada ka yi ciniki ta waya. Gani ya kori ji, don haka ka kawo mutumin ya zagaya wurin da ƙafarsa, ka nuna masa iyakar aikin daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka kuma nuna masa abin da ba za a taɓa ba, kamar dashen mangwaro ko zogalen uwargida da ke tsakiyar ciyawa. Ka ɗaura musu ƙyalle ko ka kewaye su da duwatsu, domin mai adda idan hannunsa ya yi zafi ba ya tsayawa tantance ganye.

Hanyar biya iri biyu ce, ko kuɗin wuni ko jinga. A aikin shara jinga ta fi, saboda an san abin da za a yi da abin da za a biya, kuma ma'aikaci ba shi da dalilin jan ƙafa. Illarta ita ce gaggawa: za a sare ciyawa a bar saiwa, ko a share tsakiya a bar gefen katanga. Maganin wannan shi ne a fayyace tun farko yadda wurin zai kasance idan an gama. Idan kana son a tumɓuke ciyawa da fartanya har saiwa, ka faɗa. Idan sarewa kawai kake so, ka faɗa, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ciyawar da aka sare da damina takan dawo cikin 'yan makonni.

Inda aka fi samun saɓani shi ne abin da kuɗin ya ƙunsa. Aikin yana da gaɓoɓi huɗu, wato tarawa, da lodi, da dako, da juyewa a juji, kuma kowace gaɓa tana iya zama da mai ita. Direban tifa yakan faɗi kuɗin motarsa kawai, sai bayan ya iso ka ji cewa 'yan lodi daban ne. Leburori kuma suna iya tara maka shara tsibi guda a ƙofar gida su ce aikinsu ya ƙare. Ka yi tambayar a fili, ka ce: "Malam, wannan kuɗin da ka faɗa har da lodi da kaiwa juji, ko kuwa na tarawa ne kawai? Idan akwai abin da ake biya a wurin juyewa, a kan wa yake?" Idan da tifa za a yi aikin, ku daidaita a kan kuɗin kowane sawu da kuma adadin sawun da ake tsammani, sannan wani naka ya tsaya ya ga cewa motar tana cika kafin ta tashi, domin sawu uku na rabin mota kuɗin sawu uku za a caje ka.

Farashi yana bin nisan juji da tsadar mai da faɗin hanyar shiga gidanka. Gidan da tifa za ta tsaya a ƙofarsa bai yi daidai da wanda sai an yi ta jigila da baro daga cikin lungu zuwa bakin titi ba. Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin ka yanke. Idan ɗaya ya faɗi kuɗin da ya gaza na sauran da nisa, kada ka yi murna tukuna, domin araha ba ta ado: mafi sauƙin hanyar rage kuɗin kwasar shara ita ce a ƙi kai ta inda ya kamata.

Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, gwargwadon abin da za su ci abinci ko su zuba mai, ka riƙe mafi yawan kuɗin har sai an gama. Idan aikin babba ne, ku rubuta yarjejeniyar ko da a saƙon waya ne, a gaban shaida ɗaya. Ka kuma faɗa tun farko ko gwangwan ɗin da za a tono a cikin ciyawa naka ne ko nasu; idan ka bar musu, to a rage shi a cikin lada.

Inda sharar za ta sauka

Wannan ita ce tambayar da masu gida ba su cika yi ba, alhali ita ce ta fi kowace muhimmanci. Ka tambayi mai kwasar sunan wurin da zai kai sharar, kuma ya zama wurin da ka sani ko za ka iya tabbatarwa. A sawun farko ka sa wani babba daga gidanka ya bi motar ko ya bi mai kurar a babur. Idan hakan bai yiwu ba, ka lura da lokacin da suke ɗauka kafin su dawo: wanda ya ce juji mai nisa yake kaiwa amma yana dawowa cikin minti goma, a kusa yake juyewa.

Dalilin wannan takatsantsan ba tsoron tara kaɗai ba ne, ko da yake duba-gari da kotun tafi-da-gidanka suna iya bin sawun shara har ƙofar mai ita. Sharar da aka juye a kwata da rani tana nan kwance har ruwan Yuli da Agusta ya zo ya tura ta cikin manyan magudanai irin na Jakara, ta toshe su, ruwan ya koma cikin gidajen mutane, gidajen ƙasa kuma su ne suke fara faɗuwa. Wadda aka zuba a kangon wani kuwa takan zama mafarin sabuwar bola, domin da zarar mutane sun ga tsibi ɗaya kowa zai kawo nasa, daga nan sai ɓeraye su tare. Ɓera shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lasa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma ta fi tashi da rani. Taya da gwangwanin da suka tara ruwan sama kuma suna iya ƙyanƙyashe sauro cikin kwana bakwai zuwa goma.

Wasu ma'aikatan za su ba ka shawarar a cinna wa sharar wuta a wurin don a huta da kuɗin mota. Kada ka yarda, musamman idan akwai leda da roba da taya da katifa a ciki, saboda hayaƙinsu guba ne ga yara da tsofaffi da masu asma, kuma da hunturu iska tana iya ɗaukar wutar zuwa rumfar maƙwabci cikin ƙiftawar ido.

Wasu kayan kuma ba a haɗa su da sauran shara ko da za a kai juji. Batirin mota da na sola suna ɗauke da ruwan batir mai ƙuna da kuma dalma, don haka a sayar da su a rufe yadda suke, kada a bari kowa ya fasa su a tsakar gidanka. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara bayan an riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ya nuna yadda dalma take zama a cikin ƙasar da yara ke wasa a kai. Tsohon silin ko rufin asbesto a yayyafa masa ruwa a ɗauke shi ba tare da an farfasa ba, domin ƙurarsa tana lalata huhu. Allurai da reza a zuba su a cikin jarka mai murfi, fasassun kwalabe a naɗe su a kwali a gaya wa masu lodi, robobin maganin ƙwari da na feshi kuma a huda su don kada wani ya tsinta ya zuba ruwan sha. Tsohuwar tukunyar gas a kai wa masu sayar da gas, ba mai yankan ƙarfe ba.

Ranar aiki

Ka sanar da maƙwabta tun daren jiya idan mota za ta tare layi ko ƙura za ta tashi. A gidan da maza ba sa shiga, a shirya wa iyali ɗakin da za su zauna, a kulle sauran ɗakuna, kuma kai ko wani namiji babba ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe. A kawar da yara daga wurin gaba ɗaya.

A fara da sassafe kafin rana ta yi zafi, a tanadar wa ma'aikata ruwan sha mai yawa, musamman a watannin Maris da Afrilu. Ka duba ƙafafunsu: wanda ya zo da silifa zai shiga kango mai ƙusoshi da kwalabe, ya kamata a samar masa takalmin roba mai tsawo da safar hannu, kuɗinsu bai kai na jinya ba. Tarin bulo da itace da tsohon kwano maɓoyar kunama da maciji ne, don haka a riƙa ɗaga su da sanda ko shebur kafin a sa hannu. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, a hana shi tafiya da ƙafa, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau, a garzaya da shi asibiti. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya ganin kamar lafiyarsa lau a sa'o'in farko. Wanda ƙusa mai tsatsa ta soka a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar.

Idan aikin ya haɗa da sare reshen da ke kusa da wayar lantarki, kada lebura ya hau sai an sanar da kamfanin rarraba wuta, wato KEDCO a Kano da Jigawa da Katsina, an kuma tabbatar an kashe layin. Ɗauke wuta ba tabbaci ba ne, domin ana iya dawo da ita yana kan bishiya. Tsohuwar rijiya ko masai da aka gano a cikin kango kuma ba aikin mai share fili ba ne, akwai masu yasa da suka san iskar da ke taruwa a ƙasan rami tana shaƙe mutum.

Dangane da lokaci, mafi dacewa shi ne ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, a yashe kwata a kwashe duk abin da zai tara ruwa kafin damina ta sauka, sannan a sake zagaye na biyu da kaka bayan ciyawa ta bushe. Yashin da aka yaso daga kwata a bar shi ya tsane kwana ɗaya sannan a kwashe, amma kada ya wuce haka, domin ruwan farko zai mayar da shi inda aka ciro shi. Ka kuma tuna cewa a Kano ana taƙaita zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10, saboda tsaftar muhalli, don haka motar haya ba za ta iso ka ba sai bayan wannan lokaci.

Kafin ka biya ragowar kuɗin, ka zagaya wurin tare da shugaban ma'aikatan. Ka duba bayan ɗakuna da gindin katanga da ƙofar gida inda aka yi lodi, domin nan ne ake barin ƙusoshi da ɓurɓushin kwalba. Ka ƙirga kayan aikin da ka ba su aro, ka tabbatar sawun ƙarshe ya tafi inda na farko ya tafi. Idan komai ya yi daidai, ka biya su nan take kafin guminsu ya bushe, kamar yadda addini ya koyar, ka ajiye lambar wayar shugabansu saboda zagayen kaka.